Hanyar Ingilishi a Bakin Bahar Rum

Jama'a, yau zan ba ku labarin wata hanya da ke birnin Nis, a ƙasar Faransa. Manyan jiragen ruwa na masu yawon duniya sukan tsaya a Bilfaransh, kusa da birnin, a kai mutane gaɓa cikin ƙananan jirage. Yini ɗaya ake ba su, wanda ya makara kuwa a tafi a bar shi.

In ka je, taka hanyar nan da ƙafa. Tsawonta ya fi mil 4. Gefe guda ruwa ne shuɗi kamar an zuba baba, amma bakinsa ba rairayi, sai tsakuwa mai cin ƙafa. Ɗaya gefen kuwa manyan masaukai, har da Negresco, wanda aka buɗe a 1913.

To, su wa suka yi ta? Talakawa. Wajen 1820 sanyi ya ɓata amfanin gona, mutane suka shiga bara. Turawan Ingila masu zuwa gudun hunturu, da limaminsu Lewis Way, suka tara kuɗi, aka ɗauki matalautan aiki. Sunanta ke nan ya samo asali. Da aka gama a 1824, 'yar turba ce, faɗinta bai wuce taki uku ba.