Jawabi Ga 'Yan'uwa Mazauna Kurmi: A Koya Wa Yaranmu Cikin Inji

'Yan'uwa na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, ina gaishe ku da aiki.

Maganar da ta kawo ni ita ce ta 'ya'yanku da kuka bari a ƙananan makarantun sakandare na Dapchi da Gashuwa da Nguru. Da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, gwamnati ta sayo injunan koyar da fasaha daga Turai, amma da yawa suka ruɓe cikin akwatunansu, don babu lantarki, babu malamin da ya san kansu. Aka koma zana inji a allo, yaro ya haddace sunansa bai taɓa riƙe sifana ba.

Alhali kuwa darasin yana ƙofar gida. Jigon da kakanninmu suka yi ban-ruwa da shi inji ne guda: sanda a kan gwafa, nauyi a baya, guga a gaba. Keke kuwa taron injuna ne, kowane yana miƙa wa na gabansa ƙarfi. Hannun birki ɗan'uwan jigo ne. Feda tana juya faranti, sarƙa ta kai juyin baya. In farantin gaba yana da haƙori 44, na baya 22, zagayen feda ɗaya zai juya ƙafar sau biyu, sai dai a hawa cinya ce za ta biya. Yarinyar da ta ƙirga haƙoran nan da yatsanta ta gane abin da allo ya kasa gaya mata.

Daga nan sai a ba su matsala: ga ruwan Komadugu a ƙasa, ga lambu a tudu, yaya za a yi? Su zana, su auna, su haɗa da kara da waya, ya karye, su binciko dalili, su sake. Kada malam ya yi gaggawar ba da amsa.

Na san tun ranar 19 ga Fabrairu 2018, da aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar kimiyya da fasaha ta Dapchi, zukatan iyaye ba su kwanta ba, kuma ban ga laifinku ba. Amma mai son rufe makarantar nan, burinsa ke nan mu janye 'ya'yan da hannunmu.

Cikinku akwai makanikai da teloli da masu tura kura. In za ku gida da Sallah, kowa ya riƙo tsohon keke ko kan keken ɗinki, ya kai wa hedimasta, ya zauna sa'a guda ya kwance shi gaban yara.