Fijo 504: motar da ta ci tseren duniya, mu kuma muna sayar da ita a kan kilo

 Wanda yake kan hanya Allah ya sauke shi lafiya, wanda kuma yake zaune a gareji tun safe yana jiran bakanike, Allah ya ƙara masa haƙuri. Hirar yau ta masoya mota ce, amma ko keke ba ka da shi ka tsaya, akwai rabonka a ciki.

Idan na ce kowa ya lissafo motoci uku da zai ajiye a garejinsa ranar da Allah ya buɗa masa, na san abin da zan ji. G-Wagon, Range Rover, Lamborghini. Da wuya a samu mutum ɗaya a cikinmu da zai ce Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. A wajen yawancinmu wannan motar tsofaffi ce, motar tasha, motar da ake labta wa buhunan albasa har bayanta ya kusa taɓa ƙasa. To yau ina so mu san wace ce ita. Domin wadda muke rainawar nan ta ci tseren da manyan motocin duniya suka kasa gamawa, kuma a nan Kaduna aka yi shekara da shekaru ana haɗa ta.

A shekarar 1968 kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana siffarta, wato gidan da ya zana wa Ferrari motoci da dama. Shekara na zagayowa, a 1969, aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Ka ga ke nan tun asali ba 'yar ƙananan mutane ba ce.

Amma a Afirka ta yi sunan da ya fi na can. Me ya sa? Bari mu leƙa ƙarƙashinta. Na farko, tana da tsayi daga ƙasa, kuma ƙafafunta suna da wurin motsi sosai. Idan taya ta faɗa rami, ƙafar ce take shanye dukan kafin ya iso bodi. Shi ya sa direbobin da suke cewa Fijo tana lilo a kan hanyar da wata motar take karkarwa. Na biyu, a tayoyin baya take da ƙarfin tafiya, kuma farfelar da take kai ƙarfin inji zuwa baya tana cikin wani bututun ƙarfe mai kauri, dutse da yashi ba sa samun ta kai tsaye. Na uku, inji. Silinda huɗu, kusan lita 2, da kafireta, babu kwamfuta ko ɗaya. Ramukan da fistin yake hawa da sauka a ciki ma ana iya zare su a saka sababbi, inji ya dawo kamar jiya aka yi shi. Wato mota ce da aka ƙera don a riƙa gyara ta. Bakaniken ƙauye da sifana uku da sukundireba zai iya tayar da ita a gindin bishiya.

Yauwa, yanzu mu zo gida. A shekarar 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara fitar da motoci. A wancan zamanin ba ita kaɗai ba ce: akwai Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, ANAMMCO a Inugu, ga kuma masana'antar manyan motocin Fiat a Kano. Amma babu wadda ta shiga rayuwar mutane kamar Fijo. Gwamnati ta mayar da ita motar jami'anta. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti suna karɓar bashin mota su sayi sabuwa dal a leda. Doguwar, mai layin kujeru uku, ita ta riƙe tashoshinmu, Kano zuwa Maiduguri, Sakkwato zuwa Kaduna. A-kori-kura kuwa ita ce jakin kasuwannin ƙauye. 'Yan uwanmu na Nijar su ma sun san ta, don a shekarun 1970 da 1980 Turawa suna tuƙo tsofaffin 504 daga ƙasashensu, su ratsa Sahara ta Tamanrasset, su sayar a Arlit ko Agadas, su hau jirgi su koma gida. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 ɗin a 1983, amma Kaduna ba ta daina haɗa ta ba sai tsakiyar shekarun 2000. Sama da shekara 20 bayan masu ita sun sallame ta, mu muna nan da ita.

To ina maganar tsere? Ga ta nan. A Kenya akwai tseren da ake kira Safari Rally, wanda aka fara a 1953. A wancan lokacin kilomita dubbai ake yi cikin 'yan kwanaki, dare da rana, a kan hanyoyin da ba kwalta, kuma a lokacin damina ake yin sa. Yau ƙura, gobe taɓo har gwiwa, jibi kogi ya cinye gada. Yawancin motocin da suke shiga ba sa kaiwa ƙarshe. A shekarar 1975 wani direba ɗan Suwidin, Ove Andersson, ya lashe wannan tsere da Peugeot 504. A wannan shekarar dai Hannu Mikkola ɗan Finlan ya lashe tseren Maroko da 504. A 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ɗan Faransa ya ci Safari da samfurin 504 mai ƙofa biyu da injin V6, ya kuma ci tseren Bandama na Kodebuwa a shekarar. Wannan Bandama ɗin, don ku san irin wuyarsa, a 1972 babu mota ko ɗaya da ta kai ƙarshe. Duk wanda ya shiga, a hanya ya tsaya.

Ku lura da wani abu a nan. A Safari na 1975 akwai Lancia Stratos, mota mai injin Ferrari, wadda idan a kan kwalta ne Fijo ko ƙurarta ba za ta gani ba. Amma Fijo ce ta zo ta ɗaya. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa. A irin wannan tseren wanda motarsa ta jure, wanda ya san inda zai taka da inda zai ɗaga ƙafa, wanda kanikawansa suka san kowane noti a jikinta, shi yake cin kofi.

Wannan ya kawo ni kan maganar da take damuna, kuma matasa da ku nake. Wasan mota a wajen biki. An ɗaura aure, abokan ango sun karɓo motocin aro, an tare titi, ana juyi ana ƙona taya, yara sun yi da'ira suna ihu, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Mu duka mun ga bidiyon, kuma mu duka mun ji labarin inda murna ta koma zaman makoki. Idan ka yi magana sai a ce ai son mota ne, ai Turawa ma suna yi.

To bari mu ga yadda masu abin suke yi. Motar tsere tana da kejin ƙarfe a ciki, wanda ko ta wuntsila sau biyar rufin ba zai danne direba ba. Akwai hular kwano, akwai bel mai ɗaure kafaɗu da ƙugu gaba ɗaya, akwai kayan kashe gobara. Ana rufe hanya, ana ware wa 'yan kallo wurin tsayawa, motar asibiti tana gefe tana jira. Shi kansa Safari, da ake yin sa a kan hanyar kowa da kowa, ya fita daga gasar duniya bayan 2002, kuma da ya dawo a 2021 a yankin Naivasha, a rufaffun hanyoyi ake yin sa.

Ga wani abin da zai ba ku mamaki. Ranar da Mikkola ya ci tseren Maroko a 1975, mutumin da yake zaune a gefensa yana karanta masa hanya sunansa Jean Todt. Wannan mutumin daga baya shi ya jagoranci tawagar Ferrari a Formula 1 lokacin da Michael Schumacher yake cin kofi a jere. Ya zama shugaban hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, daga 2009 zuwa 2021. Kuma tun 2015 shi ne jakadan Majalisar Ɗinkin Duniya na musamman kan kiyaye haɗurra a hanya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikin gudu, shi ne yake yawo ƙasa ƙasa yana roƙon mutane su ɗaura bel su rage gudu. Kai kuma da ka koyi mota bara, da motar yayanka, a tsakiyar unguwa cike da yara, me ka sani da shi bai sani ba? Ran ɗan mutane ba abin yin bidiyo ba ne, malam.

Yanzu ga wanda ya ce to, na ji, ina son in mallaki tsohuwar mota, Fijo ce ko Marsandi V-boot ko Boswaja. Madalla. Amma ka shiga da idonka a buɗe, araha ba ta ado.

Abu na farko da za ka duba shi ne tsatsa, tun kafin ka ce a tayar da inji. Ɗaga kafet ka ga ƙasan, duba gindin ƙofofi, wajen zaman batir, da cikin but. Ka tafi da ɗan maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa a jikin bodi, an cike wurin ne an shafe da fenti. Inji ana sake shi, amma bodin da ya ruɓe zai cinye maka kuɗi har ka gaji.

Na biyu, zafi. Buɗe lagireto tun inji yana da sanyi. Idan ka ga ruwan ya yi ja kamar kunun kanwa, an daɗe ana zuba mata ruwan rijiya. Zaro sandar gwada baƙin mai. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa yana haɗuwa da mai, gaskit ya tafi ko abin da ya fi haka.

Na uku, burki. Robobin da man burki yake bi ta ciki suna tsufa ko da motar a ajiye take. Kafin ka sayi rediyo ko ka yi sabon fenti, canza su, ka duba shekarun tayoyi. Kuma ka riƙa tunawa cewa Fijo ba ta da jakar iska, ba ta da ABS. Natsuwarka ce kariyarka.

Na huɗu, takardu. Lambar inji da ta bodi su yi daidai da abin da ke rubuce. Tsohuwar mota ta bi hannu da yawa, kar ka sayi rigimar wani.

Na biyar, mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda gidan mai yake. Mota mai kafireta tana sha, musamman idan ba a saita ta daidai ba. Don haka ga yawancinmu tsohuwar mota ta fita ranar Juma'a ce ko ranar hutu, ba ta zuwa aiki kullum ba.

Na shida, wanda ya fi duka: nemi bakanike kafin ka nemi mota. A nan ne abin yake ba ni tsoro. Dattawan da suke saita kafireta da kunne, su ji ƙarar inji su ce maka kwantak ne ko filogi, suna ta ƙarewa. Yaran gareji na yanzu na'ura suke jonawa ta gaya musu ciwon mota, kuma ba laifinsu ba ne, motocin da ake kawo musu ke nan. Amma ranar da dattijon ƙarshe ya ajiye sifana, ilimin ya tafi da shi. Su kuma motocin, 'yan gwangwan suna bi gida gida suna saye, a sare da gatari a ɗora a sikeli. Motar da kakanka ya kai kakarka asibiti da ita ranar da aka haifi babanka, a auna ta a kan kilo kamar tsohuwar tukunya. Alhali a Turai masu tara tsofaffin motoci neman mai kyau suke yi ido rufe.

Saboda haka ga roƙona. Idan akwai Fijo a gidanku da ta yi shekaru a ƙarƙashin darbejiya, kaji suna ƙwai a ciki, kar ka yi saurin kiran mai sikeli. Rufe ta daga ruwan sama, ɗaga ta a kan bulo, nemo takardunta. Shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka tambayi kayanta, za ka sha mamakin abin da har yanzu ake samu. Idan akwai tsohon bakaniken Fijo a unguwarku, je ka gaishe shi, ka zauna ka yi tambaya, ka ɗauki bayaninsa a waya idan ya yarda. Wannan bidiyon ya fi na ƙona taya amfani nesa ba kusa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ni dai garejin mafarkina ba shi da tsada sosai. Fijo 504 haɗin Kaduna, fara, da kujerunta na asali. Marsandi V-boot guda ɗaya don zuwa ɗaurin aure cikin mutunci. Sai Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ta fara a 1984 kuma har yau ba ta daina ƙera ta ba, don ranar da hanya ta ƙare amma tafiya ba ta ƙare ba. Duk ukun abu ɗaya ya haɗa su: idan ka kula da su, ɗanka ma zai tuƙa.

Ku kuma fa? Ku rubuto mana motoci ukun da za ku ajiye, da dalili. Wanda kuma yake da hoton tsohuwar motar gidansu ya turo, mu ga wane gari ne ya fi riƙe kayan tarihi. A tura wa abokin nan da ba ya jin magana a kan titi, wataƙila ya ji daga bakin wani.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya jiƙan waɗanda suka rasu a haɗari, ya ba kowa abin hawa mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.