Malamin da Zai Kwana a Ƙauye

Mai girma Hakimi uban taro, shugabannin ƙungiya, iyayenmu maza da mata, da ku 'yan'uwa da kuka baro Kano da Kaduna da Abuja da Ikko domin zumunci, sannunku da zuwa gida.

An nemi mu yi magana a kan makarantun firamare na gundumarmu. Mu da muka shekara talatin da biyar muna shaƙar alli ba mu iya kwana-kwana ba, saboda haka a yi mana afuwa idan maganar ta taɓa wani.

Yawancinmu 'ya'yan shirin ilimin bai-ɗaya ne na 1976. A lokacin aka buɗe makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa ganin baƙin allo ba, aka kwashe mu muna samari zuwa kwalejojin horon malamai. A 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004. Ita ce ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimi a matakin farko, da sharaɗin sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi kuɗin ayyuka. Daga nan yawancin sababbin azuzuwan da kuke gani a bakin titi suke fitowa. Amma tura malami wannan makaranta ko waccan, aikin ofishin ilimi ne na ƙaramar hukuma, kuma a nan gizo ke saƙar.

Ku shiga makarantar cikin gari, za ku tarar da malamai zaune a inuwa suna jiran a kaɗa ƙararrawa. Ku bi hanyar burji zuwa ƙauyukan hayin rafi, sai ku sami malami ɗaya ko biyu da aji shida. Shi ma a gari yake kwana. Kullum sai ya zuba wa babur mai daga albashin da bai kai ya kawo ba, ya iso hantsi ya dubi ludayi. Idan damina ta yi nisa rafi ya kawo, sai yara su yi mako suna share fili su koma gida. Uban da ya ga haka, da wane baki za mu hana shi tafiya da ɗansa gona? A zamaninmu a ƙauyen muke kwana, mai gari ya ba mu ɗaki da 'yar gona, yaron da bai zo ba kuwa mu same shi a zauren ubansa kafin magariba.

To, ga inda maganar ta shafe ku. Da yawa daga cikin takardun da ake kaiwa ofis a ce a taimaka a dawo da wane cikin gari, daga hannunku suke fitowa. Ƙane ne, ko matar ɗan'uwa, ba a iya cewa a'a. Mu ma da muke kan kujera mun sa hannu a wasu, Allah Ya yafe mana. Sai dai duk takarda ɗaya aji guda take rufewa, kuma ba 'ya'yanku ne a cikinsa ba.

Bara ƙungiya ta gina wa makarantar gari ƙofa mai kyau, mun gode. Bana muna roƙon a karkata kuɗin zuwa ɗaki biyu da banɗaki na malamai a ƙauyukan da suka fi nisa. A kuma ɗauki nauyin 'ya'yan ƙauyukan, musamman mata, su yi NCE, bisa alkawarin za su dawo su koyar a gida. Kowace makaranta tana da kwamitin kula da ita, a sa mana ɗan ƙungiya ɗaya a ciki wanda zai riƙa duba littafin zuwan malamai, ko da sau ɗaya ne a zango.

Sunayen ƙauyukan da yawan malaman kowanne suna hannun sakatare, mai so ya duba kafin a tashi.