Gangunan da ke saman kabad ɗin hedimasta

Yau zan taɓo maganar da na san wasu za su ɓata rai tun kafin in kai ƙarshe, wato kiɗa da waƙa a makaranta. Ku yi haƙuri ku saurare ni tukuna.

Kwanakin baya na leƙa firamaren da na yi, a kan maganar gyaran rufin wani aji. Ina zaune a ofishin hedimasta sai na hango gangunan fareti guda uku a saman kabad, ƙura ta rufe su, fatar biyu ta yage. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Da gangunan nan muka riƙa fita faretin ranar yara, 27 ga Mayu. Akwai wani yaro a ajinmu, kullum yana can ƙasa a jarrabawa, ga yawan fashi. Amma tunda aka damƙa masa babbar ganga, ko zazzaɓi yake yi sai ya zo, don ya san idan babu shi layin gaba ɗaya zai rikice. Na tambayi hedimasta me ya faru, ya ce malamin da ke koyarwa ya yi ritaya, ba a turo wani ba.

Abin da ya riƙe yaron nan a makaranta, akwai ƙasar da ta mai da shi babban shiri na ƙasa baki ɗaya. A shekarar 1975, a Karakas babban birnin Benezuwela, wani masanin tattalin arziki kuma makaɗi, José Antonio Abreu, ya kira matasa su zo koyon kiɗa a wani garejin ajiye motoci. Mutum 11 suka zo. Daga nan aka samu shirin da ake kira El Sistema, wanda ya bazu zuwa unguwannin talakawa a faɗin ƙasar. Kayan kiɗa kyauta, darasi kyauta, gwamnati ke biya. Gustavo Dudamel, wanda ya zama jagoran babbar ƙungiyar makaɗa ta Los Angeles a 2009, ɗan wannan shirin ne. A 2021 suka tara makaɗa 8,573 suka yi kiɗa guda a lokaci guda, suka shiga kundin Guinness.

Ni dai ba taurarin ne suka fi jan hankalina ba, tsarin ne. Yaro na tashi daga makaranta ya wuce cibiyar unguwarsu, ya yi sa'o'i a can, kusan kullum. Tun da wuri ake sa shi cikin rukuni, ba a barinsa shi kaɗai a lungu sai ya ƙware. Wanda ya ɗan iya ya koya wa na ƙasa da shi. To ka ga, a lissafi kana iya cinye jarrabawa kai kaɗai, na kusa da kai ya faɗi, ba ruwanka. A kiɗan taro kuwa, in ka yi gaggawa ka ɓata wa mutum arba'in aiki. Dole ka saurari na gefenka, ka jira lokacinka, ka zo a kan lokaci. Sannan ranar da za a yi wasa, uwar da ba ta taɓa taka ƙofar makaranta ba sai ga ta a sahun gaba, ta haɗu da malami, ta haɗu da uwar wani yaron daga unguwar da ba a ga maciji da su.

Kada in yi muku talla kawai. Wani mai bincike ɗan Ingila, Geoffrey Baker, ya fitar da littafi a 2014 yana sukar shirin, ya ce akwai danniya a yadda ake tafiyar da shi, kuma ba a tabbatar yana kai wa ga mafi talauci yadda ake yayatawa ba. A 2021 kuma wasu tsofaffin ɗalibai suka fito da zargin cin zarafi daga malamai. Duk wanda zai tara yara bayan an tashi, sai da idon iyaye a kai.

Yanzu mu dawo gida. Wani zai ce ai wannan abin Turawa ne. Haba dai. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu da me ta karantar da matan ƙauye? Da waƙa. Jajis ɗinta su haddace, su je su rera wa 'Yan Taru. Ka shiga kowace Islamiyya da yamma, za ka ji yara na rera darasi da murya ɗaya, kuma ranar walimar sauka unguwa kaf take fitowa. Ashe mun san sirrin. Makarantar boko ce kawai muka bar wa allo da bulala. A manhaja akwai darasin al'adu da fasaha, kiɗa na cikinsa, amma sau tari yaro zai kwafi ma'anar kiɗa a littafi ya gama aji shida bai taɓa riƙe makaɗi a hannunsa ba.

Na san tsoron iyayenmu kashi biyu ne. Na farko addini. Malamai sun yi magana mai yawa a kan kayan kiɗa, ni kuma ba malami ba ne, ba zan yi fatawa ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ganga ba, ga murya nan, rukunin mawaƙa ba ya buƙatar ko sisi. Na biyu shi ne kada ɗana ya zama maroƙi. Wannan ne yake ba ni dariya wani lokaci. Muna kunna Shata a mota, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, muna ce masa Dokta, amma ɗanmu ya taɓa kalangu sai gida ya yi kamar an yi mutuwa. Alhali yaron nan yana jin waƙa ko mun so ko mun ƙi, a wayar yayansa, kuma ku ma kun san irin waƙoƙin da ke yawo a TikTok. Gara ya koya a gaban malami, baitin an tace shi.

Mu dai tsofaffin ɗaliban makarantarmu mun yanke shawara. Mun sauko da gangunan, mun kai wa wani dattijo mai ɗaurin ganga a kasuwa. Hedimasta ya ba mu ranar Laraba bayan tashi, da sharaɗin malama ɗaya da wakilin iyaye su zauna har a watse. Abin da ya rage mana shi ne mai koyarwa, kuma ina da wanda nake nema: abokin nan nawa mai babbar ganga, an ce yanzu yana tuƙa Keke Napep. In kana jin shirin nan, ka neme ni kafin Mayu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.