Jawo wa tsohuwar mota iska mai sanyi

Direbobinmu masu tsohuwar Fijo 504 a hanyar Maraɗi zuwa Katsina, inji ya fi son iska mai sanyi, domin ta fi ɗauke da oksijin. Amma saukar zafi da digiri 10 kusan kashi 3 cikin ɗari kawai take ƙarawa. Kada wani ya ruɗe ku.

In za ku haɗa, ku ja bututun alminiyum daga gidan filta zuwa gaban mota, nesa da salansa. Bututun famfo kam, zafi na sa shi laushi. Filta ta zauna daram, ƙurar hunturu cin ringi take yi. Bakin bututun kuma kada ya yi ƙasa: da damina in ya zuƙi ruwa, sandar fistin ta lanƙwashe, sai sauke inji.