JAWABI GA JAMA'AR YERWA: A KAWO MAKARIN ƘWAYA KUSA DA TALAKAWA



Ba wanda bai san ɓarnar da taramol da kodin suka yi wa samarin Maiduguri ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Nijeriya suna shan irin su taramol ba da iznin likita ba. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Amma hani ba ya ta da wanda ya riga ya faɗi.

Wanda ya sha fiye da kima, numfashinsa kan ragu, ƙwayar idonsa ta tsuke, ya kasa farkawa. Kafin a kai shi Asibitin Koyarwa daga Bulumkutu, rai na iya yin halinsa. Alhali kuwa akwai makari, watau naloxone, wanda kan maido da numfashi cikin minti 2 zuwa 3. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ajiye shi hannun makusantan masu sha. A 2023 Amurka ta yarda a sayar da na fesawa a hanci ba tare da takardar likita ba.

Saboda haka wajibi ne Gwamnatin Jihar Borno ta wadata ɗakunan shan magani da kyamis-kyamis da shi, sa'an nan a koya wa iyaye da masu unguwanni amfani da shi. Sai dai ƙarfinsa kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, kuma ba ya hana farfaɗiyar da taramol ke jawowa. Lalle ne a garzaya asibiti ko da mutum ya farfaɗo.

Sai mai rai ke tuba. Allah ya shirya mana zuriya, amin.