Wayar Hannu da Asarar Amfanin Gona

 

Kafin ma'aji ta buɗe akwati, ina da tambaya. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa zubar da tumatir ko albasa ba saboda ruɓewa? To kun gani, babu wadda ta ɗaga hannu. A 2011 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa a duniya ba ya kaiwa bakin kowa. Namu kason muna ganinsa da ido, a gefen gona da bakin kasuwa.

Ku duba yadda abin ke faruwa. A cire tumatir a fadamar Wurno ko Goronyo, a ɗora a mota ba a san farashin ranar ba. A iso Ramin Kura a tarar kasuwa ta cika. Dillali ya san ba za a koma gida da kaya ba, sai ya taya yadda ya ga dama. In aka ƙi, rana ta yi aikinta, na ƙasan kwando ya zama ruwa. Wata 'yar ƙungiyarmu ta ci rance daga akwati ta yi wannan tafiya bara, ta dawo ko uwar kuɗi ba ta mayar ba. Wallahi kiran waya ɗaya da ya raba ta da wannan asara, don tumatirin zai iya ƙara kwana a jikin uwarsa.

Saboda haka a fara tambaya kafin a tsinka. Ba sai babbar waya ba, 'yar rakani ma ta isa. Ƙungiya ta samu amintattun mutane biyu ko uku a kasuwar birni da ta Achida da ta Illela, a kira su da safe. Mutum ɗaya bai isa ba, yana iya zama bakinsu ɗaya da mai saye. Inda akwai waya mai WhatsApp, a ɗauki hoton kayan a tura wa masu saye, a yi ciniki da saƙon murya, ba sai an iya rubutu ba. Idan farashi ya faɗi warwas, a yanka a shanya a yi kauɗa, albasa kuma a ware mai rauni a kai sauran rudu.

Shanya kuwa tana son sanin sama. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina farkon kowace shekara, da na kwanaki, ana ji a rediyo ana gani a waya. Hasashe ne dai, Allah ne masani, amma ya fi a bar wake a tabarma ruwa ya sauko. Waken da ya bushe sarai shi ake zubawa a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi. In an ɗaure da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba.

Sai maganar kuɗi. Kun tuna farkon 2023, bayan an canza fasalin naira, da takardar kuɗi ta yi wuya? Masu kayan gwari sun ji jiki, ga mai saye ga kaya amma babu tsaba. Waɗanda ke karɓar tiransifa su suka sayar. Shi ya sa nake son ƙungiya ta buɗe asusu da sunanta, mutum biyu su riƙa sa hannu. Amma ku yi hattara, akwai alat na bogi. Kada a saki kaya sai an duba kuɗin sun shiga. Lambar sirri kuwa ko ɗan da ke taya ki latsa waya kada ya sani, balle wanda ya kira ya ce daga banki yake.

Na san wasu ƙauyukanmu sabis sai an hau tudu, caji kuma sai ranar kasuwa. Wasu kuma wayar ta maigida ce, a nemi izininsa cikin ladabi, ai shi ma zai ci riba.

Mako mai zuwa in sha Allahu za mu zaɓi mace ɗaya da za ta riƙe wayar ƙungiya, mu tsayar da kuɗin kati daga asusun taimako. Kowa ta zo da lambar mai saye ɗaya da ta yarda da shi. Hajiya ma'aji, bismillah, a kawo akwati.